Gwiwar Katanga

Tun da aka rufe masana'antar taya, shagon aski ya ƙara cika, ciniki kuma ya ragu. Zama mutane suke zuwa yi. Akwai benci biyu, da fanka, da talabijin da ba a kunna ta sai an kawo wuta. Mai aski ba ya korar kowa.

Masana'antar ce ke ɗaukar nauyin kulob ɗin ƙwallon garin. Da ta rufe, 'yan wasa suka ci gaba da saka rigar da ke ɗauke da sunanta, domin babu kuɗin ɗinka wata. Albashi ya koma rabi, daga baya ya koma alkawari.

Ƙanin mai aski ne kyaftin ɗin kulob ɗin. Ɗan baya ne, ana kiransa Katanga. Shekarunsa sun doshi talatin. Da haya ta gagare shi, ya kwaso matarsa suka dawo gidan yayansa, suka shiga ɗakin da a da ake ajiye tarkace. Yanzu wani kulob na babban birni yana son sayensa, kuma ƙarshen mako za a rufe kasuwar 'yan wasa.

Zancen da ake yi a shagon ke nan.

"Su sayar da Katanga?" in ji Koci. Bai taɓa horar da kowa ba. Direban babbar mota ne a masana'antar kafin ta rufe, sunan ya samo shi ne don a tsaye yake kallon wasa yana ba da umarni. "Gara su sayar da raga. Gara su sayar da fitilun fili."

"Fitilun ai an riga an sayar," in ji Akanta, wanda a da yake ofishin biyan albashi. "Ba ka lura duk wasanninmu da rana tsaka ake yi ba?"

Aka yi dariya, ban da Koci.

"Ku yi dariya. In ya tafi wa zai tsare mana baya? Wancan dogon da ke tsoron ƙwallon sama? Ko golan da sai an ci shi yake faɗuwa?"

"In ya tafi, sauran za su ga albashi," Akanta ya ce. "A ƙarasa kakar wasa. In bai tafi ba, ban ga abin da za a zuba wa bas ba, balle ciki."

"Bara da aka sayar da ɗan gabanmu, ina kuɗin? Mota shugaban kulob ya canza. Kai da ka yi aikin lissafi, lissafa mana wannan."

"Wannan kuma ka yi gaskiya."

"To!" Koci ya juyo wajen mai aski. "Mutumina, ka yi shiru. Jininka ne fa ake ciniki kamar tsohuwar mota."

"Ni aski nake yi," in ji mai aski, ya ci gaba da goge kilifarsa ta aski.

Da yamma Katanga ya shigo daga atisaye. Ya gaida kowa, ya wuce kujerar da ke lungu, ya ɗora ƙafa a kan bokiti, ya ɗora ledar ƙanƙara a gwiwa. Haka yake yi kullum, ya gama da ta dama ya koma ta hagu. Wani tsohon mai horarwa ne ya koya masa tun yana saurayi, kuma bai taɓa rasa wasa saboda gwiwa ba.

"Kyaftin, da gaske za ka bar mu?" Koci ya tambaya.

"Ba a hannuna yake ba, Baba Koci."

"Can ba su san darajarka ba. Benci za su ajiye ka, ka yi tsatsa."

"Bencin da ake biya ne," in ji Akanta.

Katanga ya yi murmushi, ya rufe ido. Ta madubi mai aski ya ga Koci ya ɗaga waya ya ɗauki hoto. Bai kawo komai a ransa ba. Kowa yana ɗaukar Katanga hoto.

Washegari da safe, kafin a buɗe shago, mai aski ya zaunar da ƙaninsa a kujera ya yafa masa ƙyalle.

"Ejan ɗin da ke dillancin cinikina ya ce jibi gwajin lafiya," Katanga ya ce. "Yau za su turo tikiti."

"Sunkuyar da kai."

"Kwantiragin shekara biyu ne, har da gida. Ita matata har ta fara ɗaure kaya. Na ce ta dakata, ta ƙi."

"Ƙyale ta."

"Yaya, in wannan ta wuce ni, babu wata. Ɗan baya mai shekaruna, ba a zuwa sayensa sau biyu."

"Na sani. Daina motsi, kar in ɓata maka layi."

Ya yi masa askin a hankali, ya gyara gemu, ya shafa hoda. Za a ɗauke shi hoto da sabuwar riga, bai kamata ya je da kan da wani zai raina ba.

Tikitin bai zo ba. Abin da ya zo hoto ne. Matar Katanga ce ta fara gani, ta fito tsakar gida da waya a hannu ba ko ɗankwali. Ga Katanga a lungun shago, ido a rufe, ƙafa a kan bokiti, ƙanƙara a gwiwa. A ƙasa an rubuta cewa gwiwar kyaftin ta tashi aiki, likitan kulob ne ke ɓoyewa har a karɓi kuɗi, duk wanda ya saya ya sayi jinya. Daga guruf ɗin magoya baya na waya ya fito. Kafin rana ta yi zafi ya isa shafukan da ke kawo labaran wasanni, suka ƙara masa cewa majiya mai tushe ce ta tabbatar.

Katanga ya kira ejan. Mai aski yana tsaye kusa, yana jin muryar mutumin.

"Ƙarya ce," Katanga ya ce. "Su gwada ni. Ba don haka ake gwajin ba?"

Ejan ya ce ya faɗa musu. Sun ce lokaci ya ƙure, ba za su kashe kuɗin jirgi da na asibiti a kan abin da ake shakka ba, a wannan zamanin da kowa ke tsuke aljihu. Akwai wani ɗan baya a birnin, bai kai Katanga ba, amma yana kusa, kuma ba a ce komai a kan gwiwarsa ba.

Katanga ya ba yayansa waya ya ce ya ɗauke shi bidiyo. Ya yi tsalle a tsakar gida, ya durƙusa ya miƙe, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya hau matakalar bene da gudu ya sauko. Maƙwabta suka leƙo ta taga. Aka tura wa ejan. Alama ta nuna ya gani. Bai ba da amsa ba.

Ran da aka rufe kasuwa, rediyo ya faɗi sunan wanda kulob ɗin birni ya saya. Bayan awa kaɗan Koci ya shigo shago rungume da kwalaben lemo, ya jera su a kan benci.

"Mun riƙe shi!" ya ce. "Kowa ya sha. Kyaftin yana nan daram."

Mai aski yana tsakiyar yi wa wani dattijo aski. Bai juyo ba.

"Su waye mu?" Akanta ya tambaya.

"Ni da 'yan guruf. Amma dabarar tawa ce." Koci ya bugi ƙirji. "Ku kuna ta surutu, ni na shiga fili. Hoto ɗaya, layi biyu, suka ja da baya. Wannan shi ake kira tsaron gida."

Mai aski ya kashe kilifa. Ya juyo ya dubi Koci.

"Kai ka rubuta?"

"Ni ne. Haba mutumina, mene ne na ɓata rai? Ai mun san ƙarya ce. Duk wanda ke guruf ya san ƙarya ce. Su aka yi wa, ba shi ba."

"Su ba su san ƙarya ce ba."

"To ai shi ne aikin!"

Akanta ya ture kwalbar da aka ajiye kusa da shi. "Koci, kanka ɗaya kuwa? Ka san abin da ka riƙe? Mutum ka riƙe a cikin gidan da ke rushewa."

"Kai kullum kuɗi, kuɗi. Ni shekara nawa ina bin kulob ɗin nan? Ran da aka sallame ni daga aiki, daga ofis fili na wuce. Abin da ya rage min ke nan a garin nan. In suka kwashe shi ma, ranar wasa me zan je in kalla?"

Dattijon da ke kujera ya ce, "Ɗana, ƙarasa min, rabin kai ne."

Mai aski ya kunna kilifa.

A haka Katanga ya shigo. Askin da aka yi masa don hoto yana nan fes. Koci ya miƙe ya ware hannu.

"Kyaftin! Gida ya fi ko'ina!"

Katanga ya dubi kwalaben, ya dubi yayansa a madubi. Ya gane.

"Baba Koci, kai ne?"

"Don ƙaunarka, wallahi. Wata rana za ka gode min."

Katanga ya tsaya a gabansa. Ya fi Koci tsawo da faɗi, kuma duk shagon sun ga yadda ya dunƙule hannu. Sai ya ce, "Sa'an mahaifina ne kai," ya juya ya fita.

"Zai huce," Koci ya ce. Ya buɗe lemo ɗaya da haƙori. Shi kaɗai ya sha.

Kulob ɗin bai ƙarasa kaka ba. Sau biyu a jere aka kasa zuwa wasan waje saboda babu mai a bas, hukuma ta cire shi daga gasar. Aka sallami 'yan wasa kowa ya nemi gabansa. Matasan cikinsu sun sami ƙananan kulob-kulob. Katanga ya kira duk wanda ya sani. Wasu suka ce za su neme shi. Ɗaya ya faɗa masa gaskiya, cewa da an rubuta sunansa a waya, gwiwa ce ke fara fitowa.

Matarsa ta kwance kayan da ta ɗaure. Shi kuma ya sami aikin sauke buhuna a wani sito da ke bakin kasuwa, ran da aka kawo kaya. A hanya mutane suna tsayar da shi su gaisa, su ce, "Kyaftin, yaya ƙafar?" Da farko yana bayani. Daga baya ya koma cewa da sauƙi.

Koci ya ɗauke ƙafa daga shagon na wani lokaci, sannan ya dawo, domin babu wani wurin zuwa. Yanzu zancen kulob-kulob na ƙasashen waje ake yi, da miliyoyin da suke kashewa a kan yara masu shekara ashirin. Koci bai cika sa baki ba.

Wata rana da hantsi yana zaune a bakin ƙofa, Katanga ya wuce ta ɗaya gefen titi zai tafi sito. Koci ya bi shi da kallo, ya karkata kai.

"Ku duba min," ya ce a hankali. "Kamar fa yana ɗan ɗingishi."

"Rufe mana baki," in ji Akanta.

"A'a, da gaske. Ta hagun. Ashe ma akwai wani abu. Da sun gwada shi da ya faɗi, ya dawo da kunya."

Mai aski ya ajiye almakashi ya zo bakin ƙofa. Ya yi niyyar ya ce wa Koci ya tashi ya bar masa shago. Sai ya sami kansa yana kallon ƙafar ƙaninsa ta hagu, yadda take sauka, yadda take tashi, har Katanga ya sha kwana.

"Ka gani?" Koci ya ce.

"Ban ga komai ba," in ji mai aski. Ya koma ciki.