Ɗigon Fenti a Jikin Injin Wanki

A shagon 'yan gwanjo, Mbarka ta shafa fuskar injin wanki na huɗu, ta janye hannu. Sumul yake kamar faranti, babu abin murɗawa.

"Ummi, taɓawa kawai ake yi, rubutu ya fito," in ji 'yarta Najla.

"Rubutun ya fito wa wa? Ni ko fuskarki da ƙyar nake gani."

Tun da yanar ido ta rufe mata gani, mijinta Hedi ya ɗiga fentin jirgin kamun kifinsa a jikin tsohon injinsu, daidai inda za ta tsayar da murɗi. Ɗigon ya yi tudu, yatsa na jin sa. Hedi ya rasu bara, injin ya bi shi makon jiya. Najla kuwa ta yanke magana: in uwar ba za ta iya ko wankin kanta ba, sai ta rufe gidan Sfax ta koma wajenta a Tunis. Mbarka ta fi tsoron wannan a kan kabari.

A ƙuryar shagon ta laluba wani tsohon inji mai abin murɗawa. Yatsarta ta zagaya, ta tsaya cak. Tudu ne ɗan ƙarami, a dama, ƙasa kaɗan, inda Hedi ya sa nasa.

"Malam, wa ya kawo maka kayan gidana?"

Mai shagon ya yi dariya. "Haba Hajiya, naki ai yana bola! Wannan daga Italiya ya tsallako. Jan farce ne wani ya ɗiga, yanzu in kankare miki."

"Ka taɓa shi in kankare maka gemu."

Ashe a can ƙetaren teku ma akwai wanda ya durƙusa gaban inji saboda idon wata.

Da la'asar aka haɗa mata shi a gida. Ta murɗa har ɗigon, ruwa ya fara zuba. Najla ta sauke numfashi. "To, kin ci. Zauna a gidanki."

Mbarka ba ta yi murna ba. Yatsarta na kan ɗigon.

"Najla, ita waccan matar, injinta lafiyarsa ƙalau. Me ya raba ta da shi?"

Najla ta sunkuya tana naɗe igiyar da aka ɗauro injin da ita.