Kyankyasai a Ramin Duhan

Duk garin Mai Wurno na ƙasar Sudan an san hannun Gado ba ya raya komai. Ya gwada awaki sun mutu, ya dasa lemo a bakin kogi ya bushe alhali ruwa na gindinsa. Da yayansa Jibirin ya rasu a ƙarshen kaka, abin da ya faɗo wa Gado a rabon kaya shi ne 'yan zabi tara da kazar da ke riƙonsu. Ya kwaso su a kwando yana share hawaye, domin Jibirin ya fi shekara talatin yana kiwon zabin nan, kuma su kaɗai suka rage.

Matarsa Raliya ta leƙa kwandon ta ce, "Allah shi jiƙansu tun yanzu."

Ɗan zabo gara yake so, amma da sanyi ya kama sai gara ta nutse ƙasa, ka yi ta haƙa a banza. Gado ya lura 'yan zabin suna wawar kyankyaso, sai ya je bayan gidan burodi ya kamo masu yawa. Ya zuba su a gwangwanin madara, ya sa musu dusa da ɓawon kabewa, ya ɗaure bakin da guntun gidan sauro. Sun fara haihuwa ke nan sanyin Janairu ya taso daga kogi. Suka daina ci, suka lafe a gindin gwangwani, kullum sai ya tsinci uku ko huɗu ƙafafu sama. Dattijo da furfurarsa ya koma yana zullumin lafiyar kyankyaso.

Wuri mai ɗumi suke bukata. Ɗaki ba zai yiwu ba, Raliya na shara sau biyu a rana. Gefen murhu kuwa ko kusa. Yana cikin wannan tunani idonsa ya faɗa kan ramin duhan.

Kowace matar aure a garin tana da nata a bayan ɗaki. Tukunya ce ake binnewa a ƙasa, a zuba garwashi da itacen talha, mace ta zauna a kan tabarma mai huda ta lulluɓa da bargo, hayaƙi ya gyara mata fata ya bar mata ƙamshi. Namiji mai hankali ba ya ko leƙa wurin. Raliya bayan la'asar take shiga nata, tokar kuma ta kwana da ɗumi. Gado ya riƙa lallaɓawa kafin magariba ya binne gwangwanin cikin toka har wuya, ya tono shi bayan sallar asuba.

Dabara ta ci. Cikin mako biyu kyankyasan suka murmure, suka yi ƙiba, suna sheƙi, ga ƙamshin talha kamar amare. 'Yan zabi suka fara fitar da zanen gashinsu. Gado har tafiyarsa ta canja.

Wata Jumma'a sanyi ya ƙi sauka har hantsi, sai ya ce bari ya bar su a ramin sai an sauko daga masallaci. Bai san ranar ce Sawsan, ƙanwar Raliya, malamar makaranta a Wad Madani, za ta sauka daga bas tana kukan sanyi ya shiga mata ƙashi ba. Raliya kuwa ba ta san wata karramar baƙuwa da ta wuce duhan ba. Ta kwaso garwashi ta juye a ramin ba tare da ta duba ba, ta jera talha, Sawsan ta zauna ta ja bargo har wuya. Garwashi ɗaya ya huda gidan sauron. Kyankyaso ɗari biyu suka ji wuta, hanyar fita kuma ɗaya ce, sama.

Tun daga ƙofar gida Gado ya jiyo ihu, rabi Larabci rabi Hausa. Ya shiga ya ga bargo na tsalle a tsakar gida da mutum a ciki, ya yi maza ya kau da kai. Kyankyasai na gudu ta ko'ina, 'yan zabi na binsu suna wawa, kaza na taya su. Sai da Sawsan ta faɗa ɗaki ta banko ƙofa sannan Raliya ta juyo, gwangwanin na hannunta.

"Malam, mi na wanga?"

Gado ya nemi ƙarya ya rasa. "Abincin zabi na."

"A ramina? Ya salam! Shekara talatin da biyar ko takalminka bai taka wurin ba, sai yau ka kai mini ƙwari?"

"Sanyi ka kashe su, Hajja. In sun mutu zabin na bin su." Ya dubi 'yan zabin. "Na Jibirin na. Komi na taɓa mutuwa shi kai, na sani. Waɗanga dai nike roƙon Allah shi bar mini."

Daga ɗaki Sawsan ta yi rantsuwa bas ɗin la'asar ba zai tashi babu ita ba.

Raliya ta buɗe baki za ta ci gaba, sai ta tsaya tana kallon 'yan zabin. Gado ya ga leɓenta na motsi. Ta nuna su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta sake daga farko.

"Tara?" ta ce. "Har yanzu tara?"

"Tara."

Tausayinsa ya kama ta, kuma hakan ya ƙara mata haushi.

"Kalas, shi ke nan. Ramin ga ya ƙazantu, ba ni koma zama kai nai. Gobe ka gina mini sabo, da hannunka, kuma ka saye wa Sawsan turare ka ba ta haƙuri." Ta dangwara masa gwangwanin. "Tsohon ramin ka riƙe ma ƙwarinka. Amma wutar ni ka sa ta, kai dahe su za ka yi."

Gado bai gama fahimta ba sai ya ga ta ɗauki tsintsiya. Ya zaci kashe su za ta yi. Ta sunkuya a gindin randa, ta tare wani ƙaton kyankyaso da ɗan zabo ke shirin cafkewa, ta turo shi a hankali wajen ƙafar mijinta.

"Kama wagga maza," ta ce. "Uwa ta, ga ƙwai nan tana ja."