Wuyan Pettiway

Shekara goma sha tara na yi ina aiki da injin ɗaukar hoton cikin jiki, mai dogon ramin nan da ake tura mutum ciki a kwance. A duk shekarun ban taɓa kai labarin majiyyaci gida ba, sai sau ɗaya.

Wata Alhamis ce a watan Maris, ƙanƙara ta fara narkewa, titunan garinmu duk sun caɓe. Majiyyacin da aka ba ƙarfe goma ya shigo da hula har gira, sai da ya cire ta na gane shi. Darnell Pettiway ne. Shekara tara yana buga sefti a ƙungiyar ƙwallon Amurka ta garinmu, irin ƙwallon da ake gudu da ita a hannu, shi ne mutum na ƙarshe a bayan masu tsaro, wanda in mai gudu da ƙwallo ya wuce shi, sai dai a ƙirga maki. Aikinsa ya tari ƙato da kafaɗa ya kai shi ƙasa. Kwantiraginsa ya ƙare a lokacin, ƙungiya na shawarar ko ta sabunta masa ko ta nemi wani. Shi kaɗai ya zo, ba ta hannun likitocin ƙungiya ba, kuma hoton wuya aka rubuta masa.

Ya tsaya yana leƙen ramin, ya ce, "Anti, nan ciki za ki cusa ni?"

Na ce, "Minti ashirin ne kawai. Ka rufe ido."

"Yatsuna uku ne ba na jin su tun Nuwamba," in ji shi, ba tare da na tambaya ba. "Ko matata ban gaya wa ba."

Duk girmansa, sai ya runtse ido sa'ad da gadon ya fara shiga da shi. Na riƙa yi masa magana ta lasifika har aka gama. Da ya fito ya tambaye ni ko na ga wani abu, na ce likita ne zai yi masa bayani. Amma na gani. Hanyar da laka ke bi a wuyansa ta matse, irin matsewar da karo ɗaya kan iya zaunar da mutum a keke har ƙarshen rayuwarsa.

Ranar Lahadi bayan coci muka je gidan surukaina cin abinci, yadda muka saba. Mama Odessa ta gasa kaza, ta yi ganye da burodin masara. Ba a ko gama addu'a sosai ba Lamont, ƙanin mijina, ya buɗe zancen.

"Pettiway ya ƙare. Ku dai yarda kawai. Kun ga wasan ƙarshe? Yaro ya taho da gudu, shi kuwa ya kauce kamar mai ba tsohuwa hanya a kasuwa."

Mijina Wendell ya ajiye cokali. Shi mutumin Pettiway ne tun ranar farko. Ya ce, "Kai da ko ƙwallon makaranta benci ka ɗumama, kai ne za ka koya masa tara?"

"Ni dai ban taɓa kaucewa ba."

"Ina ka samu damar kaucewar?"

Baba Ezell, mahaifinsu, ya ɗaga ƙashin kaza yana nuna su. "Ku duka shirme kuke. A ɗauko yaron nan na jami'a, Mabry. Shekara ashirin da biyu, ƙafa kamar barewa. Me za a yi da tsohon doki?"

Wendell ya ce, "Mabry bai san komai ba, Baba. Ko ina aka yi masa ƙarya da ido can yake bi."

"Zai koya. Tsoro ne ba a warkewa."

Haka suka yi ta yi har abinci ya huce. Lamont ya ce Pettiway ya ƙoshi ne, ya sayi gida a bakin tafki, yanzu fuskarsa yake lallaɓawa. Ya ce in da shi ne mai ƙungiya, da sai ya sa shi ya buga har a kwashe shi a makara, tunda abin da ake biyansa ke nan. Aka yi dariya, har da Mama. Wendell ya yi ta kare mutuminsa da tarihin shekarun baya, su kuwa da sun ce "ya kauce" sai ya rasa ta cewa. Lamont ya juyo gare ni.

"Matar Yaya, ke ba ki ce komai ba. Mijinki na nutsewa, ki miƙo masa sanda mana."

Na ce ni ban san ƙwallo ba, na tashi na kwashe kwanuka. 

A mota, muna komawa da la'asar, Wendell na tuƙi, muka haye gada. Can ya ce, "Wataƙila gaskiyarsu ce, Vernetta. Wataƙila ya zama matsoraci."

Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Na ce, "Ba tsoro ba ne. Wuyansa ne."

Ya taka birki har na baya ya danna mana oda. Na yi ƙoƙarin janyewa, amma ya riƙa tambaya, ni kuma haushin Lamont na cina, sai da na faɗi har zancen yatsun. Sa'an nan hankalina ya dawo. Na ce masa wannan magana in ta fita, aikina ya tafi, kuma mutumin nan ko matarsa ba ta sani ba. Ya ɗora hannu a ƙirji.

"Haba, Vernetta. Shekara ashirin da huɗu muna tare. Ni ne zan tona ki?"

Ranar Talata da safe ina hanyar aiki, rediyon motar na kan tashar da Wendell ya bari, shirin da masu saurare ke bugo waya. Zancen ɗaya ne, sefti: a riƙe Pettiway, a ɗauki Mabry, ko a sayo wani daga waje. Na kai hannu zan canja, sai mai shirin ya ce, "Ga Wendell daga unguwar gabas."

Muryar mijina ta cika motar, cike da fara'a, irin wadda yake yi in ya ci wasan kati.

"Ina so in gaya wa masu cewa Pettiway matsoraci ne su ji kunya. Mutumin nan da ciwon wuya yake buga muku wasa. Yatsunsa uku sun mutu tun Nuwamba."

Mai shirin ya ce, "Tsaya, tsaya, ɗan'uwa. Wannan babbar magana ce. Ina ka samo ta?"

"Ina da majiya."

"Kowa ma yana da majiya. Jiya wani ya ce mana kakarsa ce ta yi mafarki."

Na ji ana dariya a ɗakin shirin. Na san Wendell, ba ya jure dariya. Na riƙe sitiyari ina cewa kar ka yi, kar ka yi, kamar yana ji na.

"To wadda ta ɗauki hoton da hannunta ce ta gaya mini. Ranar Alhamis. Ka je ka bincika."

Na gangara gefen titi, gaban wani shagon wanki, na kashe rediyon.

Kafin azahar labarin ya gama gari. Asibitinmu ƙarami ne, kuma ni kaɗai ce a kan injin ranar Alhamis. Shugabarmu, Misis Halloran, ta kira ni ofis ta rufe ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce lauyan Pettiway ya bugo sau biyu, ta tambaye ni ko ina da abin cewa. Na ce ni ce. Ta ce ko wa aka ce mata zai yi haka za ta yarda, ban da ni. Na ajiye katin shiga a teburinta, mai gadi ya raka ni har mota, mutumin da kullum muke gaisawa, yana ta kallon ƙasa.

Na tarar da Wendell a falo, wayarsa na ta ƙara. Ya miƙe da ya gan ni da kwalin kayana.

"Ban faɗi sunanki ba," ya ce.

"Ka faɗi ranar."

"Kare shi nake yi, Vernetta. Kin ji abin da suke ce masa."

"Shi ka kare, ko Lamont ka kayar?"

 Wayar ta sake ƙara, na ga idonsa ya kai kanta kafin ya dawo kaina.

Ranar Juma'a ƙungiya ta sanar cewa ba za ta sabunta kwantiragin ba, ta gode masa da shekara tara. Babu wata ƙungiya da ta neme shi. An nuna matarsa a talabijin tana fitowa daga kanti da yara biyu, ana bin ta da tambaya, tana kare fuska da jaka. A rediyo ta fara jin ciwon mijinta, daga bakin nawa mijin.

Ban so zuwa cin abincin Lahadi ba, Mama Odessa ce ta bugo ta ce in zo, iyali ne, za a rufa mini asiri. Na je ina zaton za a yi jimami. Muna shiga Lamont ya miƙe yana tafi.

"Ga shi nan! Wendell daga unguwar gabas! Yaya, a wurin aikinmu kowa tambayata yake, wai da gaske yayana ne?"

Wendell ya ce ya bari, amma bakinsa ya kasa rufuwa. Baba Ezell ya ce ai taimakon Pettiway aka yi, da ya koma fili da wuyan nan da yanzu wani zancen ake. Wendell ya cafke wannan, ya maimaita ta sau uku kafin a zuba abinci. Ni ma na so in riƙe ta, don akwai gaskiya a ciki. Amma mutumin da ƙafarsa ya zo a duba shi, da shi da likitansa da matarsa ne za su yanke shawara, ba mu da muke tauna kaza ba.

Mama ta dafa kafaɗata ta ce aiki wani zai samu, Allah na nan. Daga nan aka wuce wurin. Lamont ya ce yanzu zaɓi ya rage biyu, kuma shi bai yarda da Mabry ba. Baba ya ce Mabry ko ba kowa. Wendell, wanda shekara tara ba ya jin sunan kowa sai Pettiway, ya ce shi tun asali yana ganin gara a sayo gogagge daga waje. Ko minti goma ba a yi ba, sunan mutumin ya ɓace daga teburin.

Sai Lamont ya sunkuyo wajena, ya rage murya.

"Matar Yaya, tsakanina da ke. An ce Mabry ya taɓa murɗe gwiwa a jami'a. Ba ki da wata ƙawa a can asibitin da za ta leƙa mana?"

Na dube shi, ga maiƙo a gemunsa, yana jiran amsa da gaske. Na dubi Wendell. Bai tsawata masa ba, shi ma jira yake ya ji.

Na ninke adikon cin abinci na ajiye, na ce wa Mama na gode, na ɗauki makullin mota. Wendell ya biyo ni ƙofa yana tambaya shi da me zai koma gida. Na ce ya bugo rediyo ya tambaya.

Gidan yayata Corliss na tafi, tafiyar awa biyu. Na rubuta wa Pettiway wasiƙa, shafi ɗaya, ban nemi ya yafe ba, na dai ce ni ce kuma na san abin da na yi. Bayan mako uku ta dawo ba a buɗe ba, tare da takardar lauya mai cewa kada in sake. Hukumar da ke ba mu lasisi ta dakatar da ni shekara guda. Daga baya na ji an yi masa aiki a wuya, ya sayar da gidan, sun koma kudu wurin danginsa. A ƙarshen bazara na samu aiki a wani asibitin dabbobi kusa da gidan Corliss, ina ɗaukar hoton karnuka masu ciwon ƙugu.

Ƙungiya kuwa ba ta ɗauki Mabry ba, wata ta riga ta. Wani ta sayo daga waje.

Wendell yakan bugo, wani lokaci in ɗauka, wani lokaci in bari. Wata Lahadi a watan Satumba ina bakin aiki da rana, na ɗauka. Muryarsa a sanyaye. Ya ce gidan ya yi masa girma, ya ce ya yi tunani sosai, ya gane bai kyauta ba, ba ni kaɗai ba har da mutumin. Bai taɓa faɗin haka ba. Na zauna a kan buhun abincin karnuka ina saurare, har idona ya fara zafi.

"Vernetta, abin da nake so in ce shi ne, in za ki ba ni dama ɗaya, ni na yi alkawari... Kai! Tare shi! Tare shi mana, ɗan banza! Ina kake kallo? Wa ya sayo mana wannan?"

Na ji muryar Lamont a bayansa yana ihu, da ta Baba, ga ƙarar wasan ƙwallo a talabijin. Na kashe wayar na sa a aljihu. Wata mata na jira da tsohon karenta a hannu, na ce ta shigo da shi.