Koren Fenti a Kan Tsatsa

Duk matan unguwar sun san lilon da ke lambun shaƙatawa na bakin kogin Nilu. Sarƙarsa ta yi tsatsa har ta koma ja, don haka babu uwar da ke barin ɗanta ya hau.

Da aka ce gwamna zai zo, ƙaramar hukuma ta turo jami'inta Midhat da bokitan fenti. Shahata, tsohon da ke kula da lambun, ya nuna masa sarƙar.

"Ranka ya daɗe, wannan fa sai an sauya ta."

"Baba Shahata, lilo gwamnan zai hau? Daga mota zai leƙo. Shafe ta kawai."

Shahata ya shafe ta, kuma shi ba ya aikin ganin ido, zobe-zobe ya bi ta har ta fito koriya shar. Gwamna ya wuce, ko gilashi bai sauke ba.

Ranar Juma'a iyalai suka cika lambun da tabarmi da butocin shayi. Shahata na ban ruwa ya ji ƙarar ƙarfe. Sarƙar ce ta tsinke da Nirmin, 'yar Sabah mai sayar da gurasa. Yarinyar ba ta ƙara takawa ba.

Hukuma ta cire lilon, ta garƙame lambun. Sabah ta sami Shahata a bakin ƙofar lambun. Ya so a ce ta zage shi.

"Ni da hannuna na ɗora ta, Baba," ta ce. "Na ɗauka sabo aka kawo. Da ka bar mana tsatsarmu."