Addu'ar da Baba Gershon Ya Tanada

Baba Gershon da bakinsa ya jawo wa kansa. Shi ne ya miƙe a taron dattawan ikkilisiya a Kafanchan ya ce a bar 'yan babbar sakandare su kwana ɗaya da ƙannensu na ƙaramar sakandare a firamaren coci, su gudanar da komai da kansu, don yara su koyi shugabanci. Dattawa suka ce yaro ba ya kiwon yaro. Ya buga ƙirji ya ce babu babban da zai ce uffan, in kuwa shi ya sa baki ko sau ɗaya, a soke shirin har abada. Aka amince, aka haɗa shi da Mama Hulda ta zumuntar mata a matsayin shaida.

To, mutumin da ya yi shekara talatin yana hedimasta, wanda ko akuya ta shigo fili sai ya yi mata lacca, shi aka ajiye a benci ƙarƙashin mangwaro wai ya yi shiru. Mama Hulda na gefe tana ɓarar gyaɗa, kunnenta a kansa.

Afiniki, 'yar shekara sha shida, ita ce shugaba. Ta kasa yara talatin gida biyar, kowane gida da aikinsa da shugabansa daga cikin ƙananan. Tun la'asar Baba ya fara ganin kurakurai. An ɗora tukunyar gwate ba a ɗebo ruwa ba. An ɗauko waƙa da murya can sama, rabin yaran suka maƙale a hanya. Milka, wata 'yar aji ɗaya da aka ba shugabancin masu wanke-wanke, ta yi ta magana ba mai jin ta, har ta zauna ta fashe da kuka. Baba ya yunƙura, Mama Hulda ta yi gyaran murya, ya koma ya yi kamar ƙafa yake miƙewa. Afiniki ta je ta tsuguna wajen yarinyar, suka yi ƙus-ƙus, can sai ga kwanuka ana wankewa.

Amma tsohon hedimasta ba ya rasa dabara. Ai kowa ya san al'ada, duk taro mafi tsufa ake ba addu'ar rufewa. Kuma wa zai ce addu'a sa baki ce? Shi da Ubangijinsa zai yi magana, in yara sun ji, ina ruwansa. Ya zaro biro ya fara jera kurakurai. Kafin a tashi washegari ya tara sha ɗaya, kowanne ya ɗaura masa "Ya Uba, ka gafarta wa 'ya'yanka" a gaba. Kai, ya ji daɗin kansa, har yana ganin Sarki Sulemanu ma da kaɗan ya fi shi.

Da hantsi aka taru don sallama. Yara suka faɗi abin da suka koya, wasu da tsawo, wasu kalma biyu. Baba ya gyara wuyan riga, ya share maƙogwaro, ya dafa gwiwa ya fara tashi.

"Milka, ki rufe mana da addu'a," in ji Afiniki.

Ya tsaya a nan, shi ba zaune ba, shi ba tsaye ba. Dole ya sunkuyar da kai kamar kowa.

"Uba, mun gode don gwate, ko da gishiri ya yi yawa," in ji Milka. "Mun gode don Anti Afiniki. Ka taimaki Baba Gershon kuma. Tun jiya bakinsa yana motsi amma ya riƙe. Mun ga yana shan wahala. Ka ba shi ƙarfi ya kai ƙarshe. A cikin sunan Yesu."

Amin ɗin da ya biyo baya har cikin kasuwa aka ji shi. Babu yaron da ya yi dariya, da gaske suke tausayinsa, wannan ne ma ya ƙara masa kunya. Mama Hulda ce kaɗai kafaɗunta ke rawa.

A bakin ƙofa ta ce masa za ta shaida wa dattawa bai ce kanzil ba, shirin zai ci gaba. Ya ce ya gode. Ya ci gardamarsa, babu shakka. Amma har ya isa gida abu ɗaya ne ke cin sa: yara talatin sun kwana, sun ci, sun tashi, babu ko ɗaya da ya zo ya tambaye shi komai.