Man da Katako Ya Sha

Shekara talatin matata ta yi a tsaye gaban inji a hawa na uku na tsohuwar masaƙa, har ƙurar auduga ta cinye mata huhu. Yanzu an yanka ginin an mai da shi gidajen haya masu dogon rufi, an bar bulo tsirara, domin masu hali na son ganin tsufa muddin ba a jikinsu yake ba. Wadda aka ba aikin kuwa autarmu ce, injiniya. Tun da ta karɓa, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Ranar Talata da hantsi ta zo, ta ture littattafaina daga kan kujera ta zauna. Ta ce saura mako biyu ta miƙa ginin, amma daɓen katakon hawa na uku ya ƙi riƙe fenti. Sau uku ana shafawa, sau uku yana saɓulewa kamar fatar ƙuna. Mai ginin ya ce in ya sake, ta tattara nata ya nata.

Na san dalili. Kowace safiya masu saƙa kan ɗiga wa inji mai, rabinsa a ƙasa yake ƙarewa. Shekara sittin katako na sha, da rana ta yi zafi sai ya yi gumi. Littattafanta ba su faɗi haka ba, don santsin wurin bai taɓa kwasar marubutansu ba.

Gaskiya, na so ginin ya ƙi su. Sai dai ba mai ginin ne a gabana yana murza zobe ba, 'yata ce.

"Garin katako," na ce. "A kankare fentin, a barbaɗa garin da kauri, a rufe tagogi zafi ya taru. Da safe a share, a sake. Haka mahaifiyarki da abokan aikinta ke yi duk ƙarshen mako, ba wanda ya ba su digiri."

Ta tambaya sau nawa. Na ce sai garin ya daina baƙi.

"Baba, za ka zo ka duba? Ma'aikatana ba su san launin da ake nema ba."

Na ce gwiwata ba ta shiri da matakala. Ta ce ai an sa lif. Na ce madalla, yanzu da babu mai hawa da dami a ka.

Washegari na je. A shara ta shida garin ya fito fari tas. Na ce a ƙara ɗaya, kada ta ɗauka abin da sauƙi.