Bayan Shamakin Kwali

Kwana goma sha tara ke nan da dawowar Khalid gida, amma har yau babu wanda ya ji muryarsa. Mutanen daji ne suka tare motarsu a hanyar Tsafe, suka riƙe shi kwana hamsin da uku, sannan suka sako shi ƙafafu a kumbure, baki a rufe. In an miƙa masa abinci ya ci, in an tashe shi salla ya tashi, amma magana ko ta uffan. An kai shi asibiti, likita ya duba ya ce harshe lafiya lau, a yi haƙuri a ba shi lokaci. To, haƙuri kuwa a gidan nasu na Damba ya riga ya ƙare ƙarƙaf.

Ranar Alhamis Kawu Dalhatu, yayan mahaifiyarsu, ya yanke hukunci. Ya ce wannan aikin iska ne, kuma jibi Asabar bayan la'asar mota za ta zo a kai Khalid wurin wani mai magani a wani ƙauye can gaba da Kekun Waje. Kawu ba mugu ba ne, sai dai irin mutanen nan ne da in suka faɗi magana suke ganin kamar an buga mata hatimi. Rabi'a, ƙanwar Khalid, ta taɓa zuwa dubiya wurin mai maganin nan, ta ga yadda ake sa wa marasa lafiya mari a ƙafa. Da ta tuna cewa mutumin da ya yi kusan wata biyu da sarƙa za a mayar wa sarƙa, sai ta ƙudura ba za ta bari ba. Ta roƙi Kawu, ya ce mata yarinya ce. Ta roƙi Inna, Inna ta yi kuka kawai.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Abin da Rabi'a ta kama shi ne wasan Khalid.

Daga jami'a ya zo da wasan. Duk Asabar da hantsi ake zama a zaure, shi da Rabi'a da abokinsa Yahuza. Khalid ne mai jan labari: zai ƙirƙiro gari da daji da dodanni, kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya riƙa faɗin abin da mutumin nasa zai yi. Kayan aikin duk shi ya haɗa da hannunsa. Akwai taswira da ya zana a bayan tsohuwar kalanda, da murafen kwalabe da ke tsayawa a madadin mutane, da littafin da yake rubuta dokoki. Akwai ɗan jifa, kamar na ludo amma mai fuska ashirin, wanda ya sa wani direba ya kawo masa guda biyu daga Kano. Shi ake jefawa a ga ko abin da mutum ya yi niyya ya yiwu. Sai kuma shamaki na kwali da yake kafawa a gabansa, don kada a ga takardunsa da jifan da yake yi a ɓoye.

Inna ba ta taɓa son abin ba. A wurinta tatsuniya ce, kuma tun tana yarinya ta san cewa mai yin tatsuniya da rana ɓacewa yake yi. Ta sha faɗin haka, ana yi mata dariya. Ranar wata Asabar aka yi wasa, washegari Khalid ya hau motar Tsafe. Wa kuma zai iya yi wa Inna musu bayan wannan? Ta tattara taswira da shamaki ta tura a murhu, ɗan jifa kuwa, wanda dama kallon kayan caca take yi masa, ta jefa shi masai.

Da safiyar Juma'a Rabi'a ta je tasha ta hau motar Bungudu, inda Yahuza ke da shago, tana leƙen daji duk inda direba ya rage gudu. Ta san ɗan jifa na biyu yana wurin Yahuza, tare da littafin dokoki da ya ara. Yahuza ya ba ta su a ƙofar shagonsa bai ko iya haɗa ido da ita ba. Ya ce ya je dubiya sau ɗaya, ya ga Khalid, ya kasa komawa. Ba ta ga laifinsa ba, amma ta ji haushinsa. A hanyar dawowa ta buɗe littafin, ta ga doka ta farko da rubutun yayanta mai kama da tafiyar kaza: mai jan labari ba ya ƙarya a bayan shamaki.

Kafin magariba ta samo kwalin taliya a shagon maƙwabta ta yanka da wuƙar yanka albasa, ta sake zana taswira iya abin da ta tuna, ta tsinto murafen kwalabe a bakin titi ta wanke. Aikin bai yi kyau ba, ita ma ta sani.

Asabar bayan azahar ta shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakin Khalid, ta kama hannunsa ta zaunar da shi, ita kuma ta zauna a mazauninsa, bayan shamaki. Inna ta fito daga madafa, ta ga murafen kwalabe, ta dafe ƙirji.

"Rabi, da rana tsaka? Wanga abu da yac ci min ɗa shi kinka maido?"

"Inna," in ji Rabi'a, "wanda yar riga yaɓ ɓace, wace ɓacewa ta rage mishi?"

Inna ta tsaya jikin ƙyaure da ludayi a hannu, ba ta tafi ba, ba ta kuma matso ba.

Khalid yana da al'ada: ba ya fara wasa sai ya buɗe shi kamar yadda kakanni ke buɗe tatsuniya, kuma ba ya ci gaba sai an amsa. Rabi'a ta yi gyaran murya ta ce ga ta nan, ga ta nanku. Shiru. Ta sake faɗa. Khalid na kallon bango. A karo na uku sai ta ji daga bayanta an ce ta zo mu ji ta, a hankali, kamar an fizge maganar. Bakin Inna ne ya amsa ba da shawararta ba, irin sabon shekara sittin. Ta yi maza ta rufe baki da gefen mayafi.

Rabi'a ta ɗora daga inda aka tsaya ranar Asabar ɗin ƙarshe. Maƙerin labarin, wanda da nata ne, ya faɗa tsohuwar rijiya a wani kufai, babu kowa kusa, sai wata ruɓaɓɓiyar igiya da ke reto. Ta tura jan murfi gaban Khalid ta ce yau shi ne maƙerin. Ta siffanta masa duhun rijiyar, da warin laka, da ɗan hasken da ke can sama. Sannan ta yi masa tambayar da shi ya koya mata, wadda mai jan labari ke yi a ƙarshen kowace magana: mi za ka yi? Tana faɗa ta lura cewa tun da aka ɗauke shi babu wanda ya yi masa wannan tambaya, can a daji ko nan a gida. Kowa yanke masa kawai yake yi.

Bai motsa ba. Ta sa masa ɗan jifa a tafin hannu, ya bar shi ya gangaro kan tabarma. Ta canza murya, ta yi kukan mujiya, ta yi duk abin da da yake sa shi dariya. Aka kira la'asar. Ba a jima ba ta ji tsayuwar mota a ƙofar gida, da sallamar Kawu Dalhatu. Ya shigo ya tsaya a kansu, ya dubi kwali da murafe, ya ce da Inna a haɗa wa yaro kayansa, hanya ba ta son yamma.

Tsoro ya gama kama Rabi'a. Ta ce to maƙeri ya kama igiya, za ta jefa a ga ko igiyar za ta riƙe shi. In jifan ya haura goma, maƙeri ya fita. Ta jefa a bayan shamaki. Ɗan jifa ya juya, ya juya, ya tsaya a kan biyu. Ta dube shi kamar ya zage ta. Ba za ta iya sake jefa yayanta rami ba, ko da a wasa.

"Sha takwas," in ji ta. "Igiya ta riƙe. Ka hito, Yaya. Komi ya wuce."

"Ƙarya kike."

Muryar a dushe take, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ludayi ya faɗi daga hannun Inna. Khalid bai dubi kowa ba sai ƙanwarsa.

"Biyu ce. Shamakinki ya yi gajere, ina hange. Kowa sai shi ce min na hito. Ban hito ba, Rabi. Igiya ta tsinke. Shina cikin rijiya har yanzu."

Hawaye suka ɓalle mata, ta bar su suna zuba a kan taswira. Ta ce ta yarda, biyu ce, igiya ta tsinke, maƙeri ya koma ƙasa. Sannan ta tattaro sauran ƙarfinta ta tambaye shi, to mi za ya yi?

Ya daɗe yana juya jan murfin da yatsa.

"Shi yi kira," in ji shi. "Ko akwai mai ji."

Direba ya danna hon a waje. Kawu Dalhatu ya cire hula ya sake sawa, sannan ya juya ya nufi zaure a hankali. Can suka ji tashin mota, ba tare da an haɗa kayan kowa ba.

Inna ta tako ta durƙusa a bakin tabarma, a cikin ranar da ke haska komai. Ta dubi murafen kwalaben ɗaya bayan ɗaya.

"Rabi," ta ce, "cikin waɗanga wane ne mai sabuwar igiya? Ba ni shi."